Gaiwa da Masu Saninta: Ilimin Ruwa a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun



Duk wanda ya bi ta fadamun da ke tsakanin Talata Mafara da Bakura a watan Maris ya san yadda suke komawa. Inda ruwa ya kwanta har ƙugu a watan Agusta, yanzu laka ce ta bushe ta daddare, ta tsattsage kamar dunduniyar da hunturu ya ci. Baƙo zai taka ya wuce, a ransa babu mai rai a wurin sai ƙadangare. Tafiyar tsohon masunci daban ce. Kansa a sunkuye, idonsa na bin ƙasa, yana neman ɗan kumburi a fuskar laka, alamar bakin ramin da aka toshe daga ciki. In ya gani sai ya durƙusa, ya sa dagi, ya tona taƙi ɗaya ko biyu, ya ɗago wani dunƙule mai launin busasshen ganye. A cikinsa akwai kifi a naɗe, da ransa, alhali rabonsa da ruwa wata huɗu ko biyar.

Gaiwa ke nan. Yaron da ya tashi a bakin Gulbin Sakkwato ko Tafkin Natu ba ya mamakinta, domin ya saba. Masana ilimin halittu kuwa sun fi shekara 180 suna binciken ta, har yau ba su gama ba. Wannan lacca tana magana ne a kan mutanen da suka san gaiwa da sauran kifayen gulbi tun kafin a rubuta su a littafi, da kuma abin da ke samun saninsu. Sai dai za ta fara ratsawa ta wasu tsibirai masu nisa, saboda a can akwai wani kifi da labarinsa ke haska na gida.

Kifi ne dogo, mai santsi, mai siffar maciji, masana na kiran danginsa Anguilla. Babu shi a Gulbin Sakkwato, babu shi a Kwara, babu shi a Tafkin Chadi. Kogunan Afirka ta Yamma gaba ɗaya ba hanyarsa ba ce, shi ya sa Hausa ba ta raɗa masa suna ba. Inda yake kuwa, sunansa a bakin kowa: a Madagaska amalona, a Fiji duna, a Samowa tuna, a tsibirin Ambon na Indunusiya morea. Ire-irensa a duniya ba su kai 20 ba, kuma mafi yawansu na ƙasashe masu zafi ne. Babban cikinsu, mai zanen fata, yakan kai tsawon mita 2.

Rayuwarsa daban take da ta yawancin kifi. A tsakiyar teku ake ƙyanƙyashe shi, yana ɗan siriri kamar ganyen tsamiya, garai-garai har ana hangen abin da ke bayansa. Igiyar ruwa ta yi ta tafiya da shi wata da watanni har ta kawo shi bakin kogi. Daga nan ya hau, ya ratsa duwatsu, ya bi jiƙaƙƙen gefen maganga, ya samu wani gurbi ya zauna shekaru yana girma. Idan lokaci ya yi, idanunsa su ƙara girma, cikinsa ya yi fari kamar azurfa, ya daina cin abinci, ya gangara teku ya koma inda aka haife shi, ya yi ƙwai, ya mutu a can.

Turawa sun sha wahala kafin su gane wannan. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Johannes Schmidt, ya shafe kusan shekara 20 yana jan taru a tekun Atilantika yana auna 'ya'yan kifin, yana bin inda suka fi ƙanƙanta, kafin a 1922 ya bayyana cewa na Turai daga tekun Sargaso suke fitowa. Sai bayan shekara 100 cif, a 2022, aka buga sakamakon binciken da ya bi manyan kifin da na'ura daga tsibiran Azores har cikin Sargaso. Na Japan ma sai a 1991 ayarin Katsumi Tsukamoto ya gano yankin da yake haihuwa, yamma da tsibiran Mariana.

Wannan sashen na teku sai mai jirgi da na'ura. Amma sashen kogi, mutanen tsibirai ne malamansa. A tsibirin Gaua na ƙasar Banuwatu akwai wani tafki a cikin ramin dutse mai aman wuta, sunansa Letas, ruwansa na zubowa ta wata maganga mai tsayin kusan mita 120. Da wani masani daga jami'ar Salzburg, Robert Schabetsberger, ya je a 2012 don ya ɗaura wa kifin na'urar da ke aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, masuntan wurin ne suka kama masa su, domin su suka san irin ruwan saman da ke tayar da manyan, da daren da suke gangarowa, da lungun da ake tare su. A kudancin tsibirin Jaba kuwa, a bakin Kogin Cimandiri, masunta na fita da fitilu a dararen duhun wata su tari 'ya'yan kifin suna shigowa daga teku. Wata suke kallo, ba kalanda ba.

Akwai kuma inda kifin ya wuce abinci. A ƙauyen Waai na Ambon, manyan morea na zaune a wani marmaro mai tsabta, ba mai taɓa su. Mai kula da su ya kaɗa ruwa da yatsa, ya fasa ɗanyen ƙwai, su fito daga ƙarƙashin dutse su karɓa. A ƙauyen Faie na tsibirin Huahine ma haka, ana girmama su, ana ciyar da su. A Pohnpei akwai zuri'ar da ke ganin kifin danginta ne, ba ta cinsa. Musulmi ba zai karɓi wannan aƙida ba, kuma ba a kawo ta nan don a karɓa ba. Abin lura shi ne sakamakonta: a wuraren da al'ada ta hana taɓa kifin, a nan ake samun manyan iyaye da ke komawa teku su haifar wa kowa.

To, a dawo gida.

Da ɗan tsibirin Gaua zai ga gaiwa, zai ɗauka ƙanwar kifinsu ce: ga tsawo, ga santsi, ga wutsiya mai tsini. Ba danginsu ɗaya ba ne ko kusa. Gaiwa tana da huhu, huhu na gaske, kuma da shi take rayuwa. In aka tsare ta a ƙarƙashin ruwa aka hana ta leƙowa ta shaƙi iska, nutsewa za ta yi ta mutu kamar akuya. Masunci ya san haka tun da daɗewa, domin yakan ɗago tarkonsa ya tarar da tarwaɗa na motsi, gaiwa kuwa ta riga ta mutu in tarkon ya kwana a nutse. A maimakon fukafukan da sauran kifaye ke iyo da su, ita wasu siraran gaɓoɓi huɗu gare ta kamar igiya, tana dogara su a laka tana rarrafe. Bakinta kuma abin tsoro ne: faffaɗan haƙora ne masu murƙushe ƙoƙon katantanwa, kuma yatsan da ya yi ganganci ya shiga ba ya fita lafiya.

Idan ruwa ya fara janyewa bayan kaka, sauran kifaye sukan bi shi su koma gulbi, waɗanda suka makara su zama rabon shamuwa da yara. Gaiwa ba ta gudu. Takan sa kai cikin laka tana cizo tana turawa har ta yi rami, ta lanƙwashe jikinta biyu, kai na kallon sama, wutsiya ta rufe fuska. Fatarta ta fitar da yauƙi mai yawa, yauƙin ya bushe ya zama kwanso da ya lulluɓe ta duka, sai 'yar kafa a daidai baki inda iska ke shiga. Bugun zuciyarta ya ragu, numfashi ya ragu, ba ci ba sha. Dattin jiki da kifi ke zubarwa cikin ruwa, ita sai ta mayar da shi gishirin fitsari mai sauƙin guba, ta tara a jiki har ranar da ruwa zai dawo ta wanke shi. A daji takan yi wata bakwai ko takwas a haka. A ɗakin bincike an ajiye ta fiye da shekara 3 ta kuma farka.

Da me take rayuwa a duk tsawon wannan lokaci? Bahaushe ya riga ya ba da amsa: gaiwa jikinta take ci. Har yakan kwatanta ta da ɗan kasuwar da ciniki ya tsaya masa, ya koma yana cin uwar kuɗi. Da masana suka auna, abin da suka samu ke nan: kitsenta da tsokarta take narkarwa a hankali, shi ya sa wadda aka tono a ƙarshen rani ta fi ta farkonsa rama. Maganar da ake ɗauka karin magana ce kawai, ashe rahoton bincike ne da wani ya gudanar da idonsa, shekara bayan shekara, yana tona yana kwatantawa.

A 1839 ne Richard Owen ya bayyana ta ga masanan Ingila daga samfurin da aka kai masa daga Kogin Gambiya, aka yi ta gardama ko kifi ce ko dangin kwaɗo. Bayan kimanin shekara 60 wani matashi daga Kambirij, John Samuel Budgett, ya sauka a tsibirin McCarthy da ke cikin Kogin Gambiya, inda yau ake kira Janjanbureh, yana neman ƙwan irin waɗannan kifaye. Ya daɗe yana lalube a fadama. A daminar 1900 masuncin da ke masa aiki ne ya kai shi ga sheƙar gaiwa: rami a cikin ciyawar ruwa marar zurfi, cike da ƙwai, namijin na kwance a ciki yana kaɗa wutsiya don ruwa ya riƙa sabuntawa. A wannan fadama ya ga sheƙar yauni mai yawo a kan ruwa, da ta balli mai kama da faifai. Budgett ya rasu a 1904 yana da shekara 31, bayan zazzaɓin da ya ɗauko a bakin Kwara. Sunansa na cikin littattafai, kuma ya cancanta, domin ya ba da ransa ga aikin. Amma idon da ya fara ganin sheƙar na masunci ne.

Binciken bai tsaya ba. A 2021 aka karanta kundin ƙwayoyin gadon gaiwa, aka tarar ya ninka na ɗan Adam kusan sau 13. A wannan shekarar kuma wasu masana a jami'ar New Mexico ta Amurka suka nuna cewa kwanson nan da ake zaton busasshen yauƙi ne kawai, a cike yake da ƙwayoyin garkuwar jiki masu tare cuta. Wato tana kwance cikin ƙasa mai ƙwayoyin cuta iri-iri, ta gina wa kanta katanga mai rai.

Gaiwa ɗaya ce tak cikin abin da masuncin wannan yanki ya sani. Ya san ƙarfasa na riƙe 'ya'yanta a baki. Ya san ƙurungu na ƙara in an kama shi, kuma ƙayarsa na kullewa ta ƙi kwanciya. Ya san minjirya ba a kama ta da hannu, tun kafin a kawo wutar lantarki ƙasar Hausa. Ya san yauni na iyo da baya kamar yadda yake yi da gaba ba tare da ya yi karo ba, abin da sai a 1951 Hans Lissmann ya gano sirrinsa, cewa wata 'yar wutar lantarki yake bazawa yana jin abin da ke kewaye da shi. Ya san inda giwan ruwa ke kwanciya da inda tsage ke farauta. Kowane kifi da kayan kamunsa, kowane kaya da lokacinsa: birgi a jefa, kalli a shimfiɗa a kwana, mamari a ja shi da ƙugiyoyi barkatai a ƙasan ruwa, gura da undurutu a dasa a mashigi, koma da gora kuwa sai ranar su na gayya, lokacin da ruwa ya ja baya.

Duk wannan sani a kan abu ɗaya ya rataya, wato cikar gulbi. Gulbin Sakkwato na tasowa daga wajen Funtuwa, ya biyo ta Gusau, ya ratso ƙasar Maradun da Mafara da Bakura, ya je ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato, su wuce Argungu da Birnin Kabi har Kwara. Da rani yashi ne da 'yan gurabe. Da damina ya cika ya tumbatsa, ya malala cikin fadama. Wannan malalar ita ce gonar kifi. Da ruwa ya fara hawa, iyaye su bi shi cikin ciyawa su zuba ƙwai; 'ya'yan su samu abinci da maɓoya; in ruwa ya juya su biyo shi da ƙibarsu. Masanan Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, irin su Robin Welcomme, sun tattara alƙaluman kogunan Afirka suka ga yawan kifin da ake kamawa na bin girman ambaliyar shekarar da ta gabata. Kowane Basarke, wato masuncin gado, zai faɗi haka ba tare da alƙalami ba: shekarar da gulbi ya yi rowa, baɗi koma za ta fito da sauƙi.

Kuma sanin yana da hukuma. Sarkin Ruwa ba sarautar ado ba ce. Shi ke cewa wannan gurbi a rufe yake, ba mai jefa ko fatsa sai ranar da aka buɗe. Shi ke raba rigimar mashigi. Shi ake kira in wani ya nutse. A Argungu, inda Kabawa suka riƙe abin da kyau, akwai gyaran ruwa da fashin ruwa kafin a shiga su, kuma kogin Matan Fada a tsare yake duk shekara saboda rana ɗaya. Bikin kamun kifin da aka faro a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, a kan wannan doka ta hana kamu ya tsaya. Ba don ita ba da babu ƙaton giwan ruwan da za a ɗaga a nuna wa baƙi. Mutanen tsibirai suna da irinta. A Maluku ana kiranta sasi, a Tahiti rahui, a Fiji tabu. Al'ummomin da ba su taɓa jin labarin juna ba sun isa ga hukunci iri ɗaya, domin matsalar ɗaya ce.

Sai aka zo aka datse gulbin.

An fara aikin madatsar Bakolori a 1974, kamfanin Impresit na Italiya ya yi ginin, aka kammala a 1978. Tsawon bangon ya kai kilomita 5.5, tafkin da ya taru a bayansa ya rufe kimanin hekta 8,000, yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. Dubban iyalai a ƙasar Maradun suka bar gidaje da gonaki da kaburburan iyaye. Rigimar diyya ta yi tsami har manoma suka tare hanyoyin aikin, kuma a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Mutanen yankin da masu bincike da dama sun ce ɗaruruwa ne. Akwai waɗanda ke zaune a garuruwan nan yau da suka rasa iyaye a ranar. Allah ya jiƙansu.

An yi rubutu mai yawa a kan manoman, kuma ya kamata. Na masunta kaɗan ne. Wani masanin ƙasa daga Kambirij, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar ya buga abin da ya gani a 1985. Ambaliya ta ragu a tsayi, ta ragu a faɗi, ta ragu a yawan kwanaki. Daga cikin fadama mai kimanin hekta 19,000, an yi asarar noman shinkafa a wajen hekta 7,000 da noman rani a wajen 5,000, mutane suka koma gero da dawa. Kamun kifi ya faɗi, wasu masunta suka rataye koma, wasu suka tafi cin rani ruwayen nesa. Ga gaiwa kuwa lissafin a fili yake: kwarin da ruwa bai kai ba, ba ta da inda za ta yi sheƙa, ramin da ta kwanta a ciki, in ambaliya ba ta iso shi ba shekara da shekaru, ya zama kabarinta.

Gaskiya ba ta cika sai an faɗi ɗaya gefen. Bakolori ya ciyar da mutane. Shinkafar da ake lodi a Talata Mafara, da alkama, da tumatir, da dankali, da masarar rani, daga magudanansa suke sha, kuma tafkin kansa ya zama wurin su ga masu kwalekwale da kalli. Gyaran da aka yi wa magudanan a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya mayar da ruwa gonakin da suka daɗe a bushe. Babu mai hankalin da zai ce a rushe madatsa. Abin da ke ciwo shi ne, lokacin da ake zana ta, an auna ruwan sama, an auna ƙasa, an auna kuɗi, amma sanin mutumin da ya san ranar da kifi ke hawa fadama bai shiga lissafi ba.

Irin wannan ya faru a tsibirin Sulawesi. A garin Tentena, inda Tafkin Poso ke zuba cikin kogi, mutane sun gaji wani shingen gora mai suna waya masapi, mai baki kamar mazurari, da suke tare kifin nan mai siffar maciji in yana gangarawa teku. Kowane shinge na dangi ne, ana raba dararen kamu tsakanin masu shi. Da aka zo faɗaɗa tashar lantarki ta Poso, wadda shugaban Indunusiya na lokacin, Joko Widodo, ya ƙaddamar a 2022, aka yashe bakin kogin, aka cire da yawa daga cikin shingayen. Dattijon Tentena da dattijon Bakura, in aka samu tafinta, ba za su daɗe ba su fahimci juna.

A tsibirai akwai ƙarin matsi daga kasuwa. 'Ya'yan kifin da ke isa gaɓar Turai sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 tun wajen 1980, har Tarayyar Turai ta hana fitar da su a 2010. Masu kiwonsa a gabashin Asiya, da yake har yau daga daji suke samun iri, sai suka juya ga Filifin da Indunusiya. A nan gida matsin na da wata fuska. Akwai mai zuba Gamalin ko wani maganin ƙwari a gurbi ya kwashe na yau, ya kashe na gobe da na jibi, duk da dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta. Akwai mai jan gidan sauro a matsayin taru, ba ya barin ko ɗan da bai kai farce ba. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji magabata. Yanzu wanda kifi ke gani ba ya ma riƙe da koma. Injin ban ruwa da garmar tarakta sun shiga kwarurrukan da a da ake bari su huta da rani, suna juye lakar da gaiwa ke kwance. Sannan ga babbar masifar da kowa a zauren nan ya sani: akwai gurabe da tafkuna a ƙasar Maradun da Bakura da masunci ba ya iya zuwa saboda 'yan bindiga, kuma tsohon da aka raba da ƙauyensa ya koma gudun hijira a gari ba shi da inda zai nuna wa jikansa bakin ramin gaiwa. Irin wannan sani ba a koyar da shi a zaure. Sai an taka laka tare.

Wani zai ce, to, in gaiwa ta ƙare sai me? Akwai ma gidajen da ba a cinta saboda ƙyanƙyamin siffarta. Amsa ta farko tana kasuwa: bandar gaiwa nama ce mai kauri, marar ƙananan ƙayoyi, kuma tana samuwa a tsakiyar rani lokacin da sauran kifi ya yi tsada. Amsa ta biyu tana asibiti. Tsargiya, wato fitsarin jini, cuta ce da ke bin magudanan ban ruwa a ko'ina cikin Afirka, kuma katantanwar ruwa ce ke ɗauke da ita. Gaiwa kuwa katantanwa abincinta ce. A Sudan, inda aikin ban ruwa na Jazira ya daɗe yana fama da cutar, masu bincike sun gwada gaiwa suka buga sakamako a 1985 cewa tana cinye irin katantanwar da yawa. Wannan bai mai da ita magani ba, amma ya isa ya sa mai kula da magudanan Bakolori ya so ganinta a raye a cikinsu.

Akwai abin da za a iya yi da ruwan kansa. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 ta busar da fadamar Waza-Logone, kifi da ciyawar kiwo suka ɓace. A 1994 aka buɗe wani tsohon mashigi da gangan, ruwa ya sake malala a kan kimanin murabba'in kilomita 200, masunta da makiyaya suka dawo. Sakin ruwa daga madatsa a daidai lokacin da kifi ke nema abu ne da injiniya zai iya, in ya san lokacin. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima tana da ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa da take zama da su. Kujerar Sarkin Ruwa a wannan zama ba za ta ci ko sisi ba, kuma masarautun Mafara da Bakura da Maradun su ne suka naɗa sarakunan ruwan, sun san inda suke.

Sauran aikin na matasa ne, kuma kayan aikinsa na cikin aljihunsu. Ɗalibin Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ko na sashen kifi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, zai iya ɗaukar wayarsa ya zauna gaban tsohon Basarke, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, “Baba, a koya mini.” Ya tambayi sunan kowane gurbi da dalilin sunan. Ya tambayi kifin da ake kamawa kafin madatsa wanda yanzu ba a gani. Ya tambayi alamar da ke nuna gulbi zai kawo, a tsuntsu ne, ko a iska, ko a launin ruwa. Ya tambayi matan da ke banda wane ice ne ke ba kifi ƙamshi, wane ne ke sa shi ɗaci. Ya naɗi maganar da bakin mai ita, da Zamfarancinsa, kada ya gyara masa Hausa, ya kuma rubuta sunansa a kan aikin kamar yadda ake rubuta na farfesa.

Na gaiwa kuwa yana da ƙayyadadden lokaci. Daga Fabrairu zuwa Mayu ne laka ke riƙe da alamar ramukan, a lokacin ne za a iya bin tsoho a ƙirga su kwari bayan kwari, a sa wa kowane wuri alama a taswira, a roƙi mai gona ya bar wannan ɗan lungu kada garma ta shiga. Da zarar ruwa mai ƙarfi ya sauka a Yuni ya kwanta a fadama, toshiyar ramin ta jiƙe, kwanson ya yi laushi, gaiwa ta miƙe ta leƙo ta ja iska, ta shige cikin ciyawa da yunwar wata bakwai. Wanda bai ƙirga ba kafin ranar, sai ya jira wani ranin.